Hayaƙin Gidan Katako

Mubi, gab da faɗuwar damina.

Zuwa ga Babana, Yohanna kafinta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka huta. Haka ka koya mini in buɗe wasiƙa, haka kuma na buɗe, ko da yake na san ba za ka karanta wannan ba. Da kana raye ma miƙo mini ita za ka yi, ka ce idonka ya gaji, ka jingina da ginshiƙin baranda ka rufe ido kamar mai sauraron rediyo. Yau babu mai jingina. Ni ce mai rubutu, ni ce mai karatu. Kuma tun daga nan ina gaya maka, wannan ba wasiƙar ladabi ba ce. Shekara biyu da rabi ke nan ina yi maka ladabi a gaban mutane, ina amsa gaisuwar ta'aziyya da sunkuyar da kai, ina jin ana cewa ka mutu jarumi. Na gaji.

Bari in fara da labarin gari, don kada ka ce ban da tarbiyya. Ƙanena Iliya ya sake buɗe shagonsa. Matarsa ta haihu, namiji, an sa masa sunanka, kuma ya ɗauko goshinka da kafiyarka, idan ya ƙi nono babu mai sa shi. An sake gina cocinmu da bulo, ya fi na da girma, amma muryoyin ba su cika shi. Na koma makaranta ina koyar da tarihi. Akwai bencinan da har yau ba na kallon wajensu idan ina kiran suna. Kasuwar shanu ta dawo, motocin Belel sun dawo, sai dai idan tayar mota ta fashe, za ka ga manya da furfura sun zubar da kaya sun ruga, sannan su dawo suna dariyar da ba ta kai ciki ba. Maƙwabcinka na gona, Malam Buba, ya tsufa ƙwarai. Kullum muka haɗu sai ya gaishe ni da Fulatanci ya kawar da kai.

Gidan yana nan, Baba. Na san shi kake jira in ambata, shi ya sa na ja maka rai. Yana nan tsaye a bakin mayo, rafin nan namu, bayan itatuwan mangwaro, yadda ka bar shi. 'Yan bindigar da suka shigo gari sun ƙona coci, sun ƙona shaguna, sun farfasa makarantu. Gidan da aka yi da itace da ciyawa, wanda tsinken ashana ɗaya ya ishe shi, ko ƙyaurensa ba su ɓalle ba. Kai suka taɓa. Ka gaya mini, a wane littafi zan karanta ma'anar wannan?

Na san gidan nan fiye da yadda na san fuskata, don kai ka sa na haddace shi. Kaka ya gina shi bayan ya yi shekaru yana aikin katako a wurin Turawan mishan, ya dawo gona ya ce shi ba zai kwana a ɗakin da'ira irin na kowa ba. Ginshiƙai goma sha biyu na ƙirya, babu wanda ya taɓa ƙasa. Kowanne yana zaune a kan faffaɗan dutse da aka gangaro da shi daga tsauni, don kada danshi da gara su samu hanyar hawa. Babbar azara ta maɗaci, itace ɗaya daga wannan bango zuwa wancan, har yau ana ganin sawun gizagon Kaka a jikinta kamar ɓawon kifi. Babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya a jikin ginin. An fafe rami a wannan itace, an fiƙe bakin wancan, an zura, an soke da ƙusar itace. Tsakanin ginshiƙan aka saƙa sanduna aka yaɓe da jar ƙasa, itatuwan suka fito fili daga waje kamar haƙarƙarin saniyar rani. Tagogi biyu ƙanana. Ƙofa gajera wadda ta koya wa fastoci uku sunkuyawa, ɗaya da ƙulu a goshi. A sama ga ɗakin bene mai tsani, inda muke zuba dawa da gyaɗa, sannan jinka. Duk kwarin babu irinsa, shi ya sa ba a taɓa kiransa gidan wane ba, sai gidan katako.

Sai murhu. A tsakiyar ɗaki Kaka ya kafa shi, kuma da gangan ya ƙi barin kafar fitar hayaƙi. Hayaƙin ya hau ya lashi azara, ya bi ta tsakanin giginyar da aka shimfiɗa a bene, ya ratsa dawa, ya fita ta cikin ciyawa. Shi ke kashe ƙwaron itace, shi ke hana gara zama, shi ya mai da rufin baƙi wuluk yana sheƙi da kunkunniya. Gaskiya ce wannan, ban musa ba, dabara ce mai kyau. Amma ka taɓa tambayar wa ya biya kuɗinta? Mama ta yi shekara arba'in tana tuƙa tuwo a cikin hayaƙin nan. Ban taɓa ganin farin idonta fari ba. Sau nawa ta roƙe ka ka yi mata ɗakin girki a waje, ka sa kwano a rufi kamar sauran mutane? Kai kuwa sai ka shafa ginshiƙi ka ce ta yi haƙuri, itacen yana bukata. Ta mutu tana tari. Itacen kuwa lafiyarsa ƙalau.

To, yanzu bari in juyo da bakin kan kaina, don ba kai kaɗai na zo yi wa faɗa ba.

Bayan rasuwar Mama, Iliya ya kusa shawo kanka. Ya gyara maka ɗaki a gidansa a cikin gari. Har ka ɗaure zartunanka da gizagon Kaka a cikin buhu, na gani da idona. Ka ce za ka riƙa zuwa gona da safe, ka hura wuta sau biyu ko uku a mako, ya ishi azara. Da an bar ka, da ranar da aka gudu kana cikin gari tare da mu, da an jefa ka a mota kamar sauran tsofaffi kana masifa.

Ni na hana. A lokacin ina ƙaro karatu na hutu, ana bukatar in rubuta dogon bincike, sai na ce ga abu a gidanmu. Na auna ginshiƙai, na zana yadda aka harhaɗa su, na zaunar da kai na yi ta tambaya. Malamina ya yaba, ya tura takardar gaba. Bayan wasu watanni sai ga jami'ai a mota da na'urar hoto da igiyar awo. Suka shigar da gidan cikin rajistar gine-ginen tarihi, suka kafa koren allo a bakin hanya, suka karanta maka doka: ba kwano, ba siminti, ba canza ko taga sai da takarda. Suka kira ka mai kula da kayan tarihi. Na ga yadda ƙirjinka ya buɗe. Da yamma ka kwance buhun nan ka mai da zartuna kan maratayinsu. Ni kuwa ina ta murna, ina ganin na yi wa ubana gata.

Wannan ma da sauƙi. Ga abin da ya sa na ɗauki biro yau.

A cikin takardar na rubuta cewa wuta ba ta taɓa mutuwa a murhun gidan ba tun ranar da aka ɗora babbar azara. Ka san ƙarya ce, na san ƙarya ce. Lokacin da Mama ta kwanta asibiti a Yola, wata biyu gidan yana kulle. Shekarar da muka je bikin Michika, mako guda muka yi. Ko ranakun girbi da muke wuni a gona, toka ce mai sanyi muke tararwa. Gidan bai faɗi ba. Amma na karanta labarin tsofaffin gidaje na wasu ƙasashe da ake faɗa musu irin wannan magana, ta yi mini daɗi a kunne, na ce me ya sa namu ba zai samu ba? Layi ɗaya ne. Na sa shi don babin ya ƙare da armashi, don malami ya ja layi a ƙarƙashinsa ya rubuta madalla. Ya kuwa rubuta.

Ranar da shugaban jami'an ya karanta layin da ƙarfi a baranda, ka ɗago ka dube ni. Na dube ka. Me ya sa ba ka yi dariya ba, Baba? Me ya sa ba ka ce wannan yarinya ta cika ƙari ba, kamar yadda kake faɗa tun ina ƙarama? Shiru ka yi, don kada ka kunyata 'yarka mai digiri a gaban baƙi. Mai fenti ya ɗauki layin ya rubuta a allo da Turanci da Hausa. Daga ranar ka ɗauki ƙaryata ka goya.

Ka daina kwana a ko'ina. Bikin Iliya ma da rana ka zo, kafin a raba abinci ka hau keke. Ka koyi sa gungumen ƙirya ya yi ta ci a hankali ƙarƙashin toka. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga kwaleji, ina tsaye ina jin ka kana faɗa musu layin nan da bakinka, har ka ƙara masa gishiri, wai da ƙyastu Kaka ya kunna ta. Na ji, na yi murmushi. Shekara shida ina da damar in kira ka gefe in ce Baba, wasa ne fa, ka sassauta. Ban yi ba. Ina jin daɗin a nuna ni a ce ga malamar da ta gano gidan.

Ka tuna safiyar? Ƙarshen damina, dawa ta sunkuyar da kai. Labari ya zo sun wuce garin Uba. Hanya ta cika da mutane, masu katifa a ka, masu tura tsofaffi a baro. Iliya ya samu a-kori-kura, muka cika ta da matarsa da maƙwabta, na tilasta direba ya ratse ta gona. Muka same ka kana faskare. Ka riga ka jera itacen wata guda a baranda, a tsare, manya a ƙasa ƙanana a sama, kamar mai shirin biki. Iliya ya durƙusa a gabanka. Ka ce sojoji za su dawo cikin kwana uku. Ka ce babu mai bukatar tsoho. Sannan ka nuna murhu da haɓa, ka ce wa zai ba ta itace.

A nan ne, Baba. A nan ya kamata in buɗe baki in ce ni na ƙirƙira, ta sha mutuwa, bar ta ta mutu, hau mota. Maganar tana kan harshena. Amma motar cike take da mutane, har da iyayen ɗalibaina, duk suna kallo. Ana gudun rai, ni ina tunanin mutuncin takardata. Ka ji irin 'yar da ka haifa? Maimakon haka sai na ce maka ka fi son katako a kan 'ya'yanka, ka kashe Mama da hayaƙi, to ka zauna katakon ya binne ka. Wannan ce magana ta ƙarshe da ka ji daga bakina. Ka sunkuya ka ɗauki gatari. Direba yana ta danna oda, Iliya ya ja hannuna, muka tafi. Ban waiwaya ba, don ina fushi, kuma ina so ka ga ina fushi.

Sauran labarin daga Malam Buba na ji shi, bayan mun yi makonni muna yawo ta tsaunukan iyaka har muka faɗa Yola, muka dawo. Shi da iyalinsa sun ɓuya a cikin duwatsun da ke saman gonarka. Ba su hura wuta ba ko sau ɗaya, ɗanyar gyaɗa da rogo suka yi ta ci, jikokinsa suna kuka ana toshe musu baki. Ya ce daga can sama yana ganin kwarin gaba ɗaya, gona bayan gona, babu motsi, babu ko kaza. Amma kowace safiya hayaƙi ɗaya yana tashi. Naka. Ya saɓa wa matarsa ya sauko ya roƙe ka ka kashe. Ka cika masa buhu da dawa, ka yi masa alkawari za ka rage ta. Za ka rage ta! Kamar gishirin miya ake magana.

Wata safiya ya ga babura uku sun tsaya a babbar hanya, sun jima, sannan suka juyo. Ya ji abin da ya ji. Sai bayan kwana biyu ya iya saukowa. Ya same ka a baranda. Shi kaɗai ya haƙa, a bayan gida kusa da rumbu, ya naɗe ka da bargonka. Ya ce bai san ta ina Kirista ke fuskanta ba, ya tsaya yana tunani, sai ya juya fuskarka wajen gidan, ya yi maka addu'ar da ya iya. Da ya shiga neman ruwan wanke hannu, ya taɓa murhu, da ɗumi. Gungumen yana nan yana ci. Ka mutu kwana biyu, wutarka tana raye. Ka ji daɗi? Abin da allo ya faɗa bai ƙaryata ba sai da ka riga shi tafiya.

Na ƙi yarda da Malam Buba. Na ce masa daga sama yake kallo, dole ya ga hayaƙi. Daga hanya fa? Akwai tudu, akwai mangwaro, akwai nisa. Wataƙila abinci suke nema. Wataƙila wani ya tsegunta musu. Wataƙila allon suka gani. A'a, wannan ban faɗa ba, don shi ma nawa ne. Shekara biyu da rabi ina wannan shari'a a cikin kaina, ni ce lauya, ni ce alƙali, kullum ina ɗage zama. Iliya sau ɗaya tak ya taɓa maganar, muna zaune a farfajiyar wani coci a Yola muna jiran rabon abinci. Ya ce allona ya ci mutum. Bai ƙara ba, kuma daga ranar muna gaisawa kamar surukai.

Makullin yana hannuna. Nakan je ranar Asabar, da rana tsaka, in buɗe in tsaya. A gida da risho nake girki. Idan na zo wuce mai ƙosai sai na riƙe numfashi, don ba na iya jure warin hayaƙin itace. Damina biyu ke nan rufin bai ga hayaƙi ba, kuma ya fara nunawa. Garin itace yana zubowa daga babbar azara, ya taru a ƙasa tsibi-tsibi kamar an yi tankaɗe. Gara ta gina hanyarta a kan dutsen ginshiƙin gabas, ta haye. Jinka ta buɗe a wuri biyu. Na rubuta wa jami'an nan har sau uku. Amsa ɗaya ta zo, suna jajanta mini, suna kuma tuna mini cewa ba a canza komai sai da izini. Na ajiye takardar. Idan na ji zuciyata ta fara sanyi nakan ɗauko ta in karanta.

Wata rana na je da kalanzir da ashana. Ba zan ɓoye maka ba. Na ce abin da suka manta su yi, ni zan ƙarasa. Ina zagayawa ina neman inda zan fara, sai na yi tuntuɓe da gudumarka ta itace a gindin wani ginshiƙi. Na duba sama. Ka san aikin da kake yi kowace shekara idan ruwa ya ɗauke, ka bi ƙusoshin itace ɗaya bayan ɗaya ka daddoke su, don sun saki bayan danshi. Ashe a cikin kwanakin nan, gari yana hannun mutanen nan, ana yanka mutane a kan titi, kai kana zagaya gidanka da guduma. Na ga sabon sawu a kan ƙusoshin ginshiƙi tara. A na goma gudumar take. Uku suka rage maka.

Na ajiye kalanzir na zauna a ƙasa. A nan na fara jin bugun. Ƙwas, shiru, ƙwas. Daga sama, wajen azara. Ni malama ce, Baba, na san itace yana motsi idan rana ta yi zafi, na san babu komai a bene sai ɓeraye. Na faɗa wa kaina haka da Hausa, na faɗa da Turanci. Bugun bai fasa ba, kuma tazararsa irin taka ce, bugu ɗaya, ka saurara, ka ƙara. Don haushi na ɗauki gudumar na hau tsani na doke ƙusoshin ginshiƙai ukun da hannuna, ina bugu ina zaginka, na ce ga shi nan na ƙarasa maka, sai ka tafi ka kwanta. Asabar ta gaba na dawo. Bugun yana nan. Me kuma kake so? Ko ba ƙusa kake nema ba, wuta kake tambaya?

Watan jiya Iliya ya zo har gida ya zauna, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce kafin ruwan farko a kwance gidan. Ya ce azarar nan za ta faɗo wa wani, yaran makiyaya suna fakewa a baranda. A zare ƙusoshi, a sauke itatuwa, a kewaye kabarinka da bulo, kowa ya huta. Bai yi ƙarya ba. Ya ce makulli yana hannuna, takarda da sunana, ni zan yanke. Na san abu biyu ne a gabana: ko hayaƙi ya koma rufin nan kafin damina, ko gidan ya sauka. Ni kuwa ba zan iya hura wuta a murhun nan ba, ko za a ɗaure ni. Kuma na yi rantsuwa babu wanda zai sake zama gadin wuta saboda katako, ko da na Kaka ne.

Akwai wata mata mai shara a makarantarmu, sunanta Kwanye, daga ƙauyukan Michika. An kashe mijinta, an ƙone gidansu. Tana zaune a wani kango da 'ya'ya huɗu da uwar mijinta, mai kangon kuma ya ce zai ci gaba da gini. A tsakar kangon take girki, a kan duwatsu uku, idan ruwa ya zo su kwana da yunwa. Na daɗe ina ganinta ban haɗa abin a kaina ba. Ga mai wuta babu rufi, ga rufi babu wuta, ni kuma ina tsakiya da makulli ina karanta wasiƙar jami'ai.

Makon jiya na kai su. Za ka so ka ji abin da ta ce da ta ga abin alfaharinka? Ta buga kai a ƙofa, ta yi tsaki. Ta ɗaga ido ta nemi kafar hayaƙi ta rasa, ta tambaye ni wane mahaukaci ne ya gina ɗaki haka. Na ce kakana. Ta ce Allah ya ji ƙansa, amma da ganin aikin bai taɓa tuƙa tuwo ba. Rabona da dariya irin ta ranar tun kafin a gudu. Tsohuwar kuwa ta zauna a dutsen ginshiƙi ta shaƙi iska, ta ce nan mutane sun zauna. Na gaya wa Kwanye sharaɗina. Ta yi ɗakin girkinta a waje idan ta ga dama, Iliya zai kawo kwano, ta riƙa hura murhun ciki sau biyu a mako saboda rufi. Idan za ta yi tafiya ta kashe wuta ta tafi. Idan ta ji ƙarar da ba ta gane ba, ta kwashi 'ya'yanta ta bar ƙofa a buɗe, kada ta waiwayi ko cokali. Na sa ta maimaita mini wannan na ƙarshen. Allon kuwa ni da Malam Buba muka tumɓuke shi, na kife shi a bayan rumbu. Wanda ya kafa shi, idan ya isa, ya zo ya tambaye ni, ina jiransa, na tanadi magana. Iliya ya yarda a ba gidan damina ɗaya a gani.

Jiya da safe ta yi girkin farko a ciki. Ban shiga ba. Tun tana jera itace na juya na bi hanyar ƙafa, na haye tudu, na wuce mangwaro, na yi ta tafiya har babbar hanya, daidai mararrabar da Malam Buba ya ce baburan sun tsaya. Na juya na fuskanci kwarin. Ban ga gidan ba, ban ga ko ƙololuwar jinka ba, sai zuciyata ta fara cewa kin gani, ba a gani, ba laifinki ba ne. Na kusa tafiya.

Sai ya taso. Ba siriri ba kamar na murhun waje. Da yake ta cikin ciyawar rufi gaba ɗaya yake fita, sai ya tashi da faɗi, shuɗi, a hankali, ya tsaya a kan itatuwa kamar an shanya zane. Ana ganinsa, Baba. Makaho ne kawai ba zai gan shi ba. Ina tsaye wani mai babur ɗauke da buhunan gawayi ya rage gudu, ya bi inda nake kallo, ya tambaye ni ko mutanen gidan katako sun dawo ne. Na ce eh, sun dawo. Ya ce madalla, ya wuce.

Shari'ar ta ƙare ke nan, babu sauran ɗage zama. Hayaƙin ne ya kira su, kai ka hura, ni na rubuta. Na daɗe a wurin, duk jikina yana cewa in ruga in ce mata ta kashe. Ban je ba. Yara huɗu suna jiran kunu.

Ban yafe maka ba tukuna, kada ka ɗauka wannan wasiƙar sulhu ce. Ni ma ban yafe wa kaina ba. Amma maganar da na faɗa maka a bakin mota, na janye ta. Ba ka fi son katako a kanmu ba. Ƙaryar 'yarka ka tsaya gadi, don kada a ce ta yi ƙarya. Da ka bar ni na ji kunya, Baba. Kunya ba ta kashe kowa, da yanzu na warke.

Ka gaida Mama, ka ce mata za a yi ɗakin girki a waje, da kwano. Ka huta, ka bar bugun nan haka, akwai yara a gidan yanzu.

Sai mun haɗu, kuma ka shirya, don ban gama ba.

'Yarka mai kafiya irin taka,
Rahila